Muryar Balaraba a Bakin Tabki

Madarumfa, 16 ga Yuli, 1972

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ina gajiya, ina karatu, ina zafin Yamai? Yaya haƙorin nan, ya bar ka, ko har yanzu kana taurin kai ba ka nuna wa likita ba? Kai da ke yi wa mutane allura, kai ne kuma babban matsoracin asibiti. Yara lafiya lau. Ruwa ya zauna, geronmu ya kai gwiwa, tabki ya fara hawa.

Ƙanenka Simon ya iso hutu daga Faransa. Ya zo da gemu, da wando mai faɗin ƙafa, da wata na'ura mai ɗaukar magana da suke ce wa manyeto, mai faifai biyu da zare yana zagayawa. Na ce masa gemun nan ko ɗan akuya ba zai yarda ya fita da shi ba, ya ce ni ma tuwona bai canza ba, har yanzu sai an yi addu'a sau biyu kafin a ci. Ka dai san wasanmu da shi. Na yi murna da ganinsa, kada ka ce ban yi ba.

Ya ce karatunsa a kan harshe ne, kuma littafin da zai rubuta a kan yadda Bahaushe ke faɗin abu ba tare da ya kama sunansa ba: habaici, da zambo, da gugar zana, da duk maganar da ake yi wa lulluɓi. Wai malamansu sun ce magana ba ta da ma'ana ita kaɗai, sai an san wa ya faɗe ta, wa aka faɗa wa, a ina, da kuma su wa ke zaune a wurin. Yana da wani dogon suna na Faransanci da yake kiran wannan da shi, in ya faɗa har lumshe ido yake yi. Ni dai ban ga laifin ilmin ba. Mai ilmin ne ya fara gundurata.

Yaron nan ya daina jin magana irin ta mutane. Ranar da aka zo gaya mana rasuwar Maman mai lambu, ɗan saƙon ya ce Maman ya riga mu gidan gaskiya. Ƙanenka bai ce Allah ya jiƙansa ba, bai tambayi iyali ba. Cewa ya yi a maimaita masa, bai kunna na'ura ba. Na rasa inda zan sa fuskata. Ko faɗa na yi wa yara sai in juya in gan shi a bayana yana rubutu, har na fara ƙyamar buɗe baki a cikin gidana.

Maƙwabcinmu Illo, mijin ƙawata Balaraba, shi ya ɗauke shi hannu bibbiyu. Kullum yana jan shi zuwa gindin tsamiyar bakin tabki inda masunta ke gyaran koma, yana kiran sa Mushe, wato malam da Faransanci, yana fassara masa kirarin kifi da zagin da suke yi wa juna in jirgi ya kife. Jiya ma tarwaɗa ya aiko masa da ita. Simon ya ce duk garin ba wanda ya kai Illo iya bayani.

Yanzu kuma ya sa ni gaba. Jummai matar Sule masunci ta haihu, namiji, kuma Simon yana so ranar ƙauri, jajibirin suna, in shiga masa ɗakin jego da na'urar, wai littafinsa gurgu ne in babu maganar mata. Ka san zamanmu a garin nan. Mu kaɗai ne masu bi a unguwar, kuma in mata suna barina in shiga ɗakin jego, albarkacin Balaraba ne, ita ta kama hannuna ta shigar da ni tun zuwanmu. Na ce masa a'a. Ya ce ashe ba na son ɗan gidanku ya ci jarrabawa. Zan tambayi tsohuwa Delu ungozoma, abin da ta ce shi ke nan.

Ka riƙa cin abinci, ka bar shan gahawa da yawa. Ubangiji ya tsare mana kai.

Matarka,
Keziya


Madarumfa, 30 ga Yuli, 1972

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, ya karatu, ya mutanen gidan da ka sauka? Mu jikinmu lafiya. Zuciyata ce ba lafiya, kuma ka yi haƙuri da rubutun, cikin haushi nake yin sa.

Delu ta yarda a shiga da na'urar, amma da sharaɗi guda: muryar mace ba za ta shiga kunnen namijin garin nan ba, a kai ta can ƙasar Turawa inda ba a san kowa ba. Simon ya durƙusa a gabanta ya yi alkawari, ina tsaye. Na ɗauki abar na aje a tsakar ɗaki kowa na gani, aka yi mata tsiya aka gaji, aka manta da ita.

Ka san abin da ake yi a ɗakin jego, ko ba ka sani ba ka yi kamar ka sani. Nan ne mace ke kwance bakinta. An sha kunun kanwa, an ci ƙauri, an yi wa uwar mijin Jummai waƙa har ta rufe fuska. Daga nan aka juya kan Balaraba, kamar kullum, ita da ta daɗe a ɗaki ba haihuwa. Wannan ta ce ga sassaƙe, waccan ta ce ga malami a Ɗan Issa. Shekaru tana haɗiye irin wannan. Ran nan ta gaji, ta ce: "Ku bar ni da jiƙe-jiƙenku. Gonar ga ta sha ruwa, ta sha taki, ba abin da ta rasa. Mai shibka shi ka zuwa da ƙwarya wohi." Ɗaki ya kwashe da shewa. Ba sabon labari ba ne, kowa ya san matar Illo ta fari ta je wani gida ta cika shi da ƴaƴa, faɗi ne kawai ba a yi.

Da shewa ta lafa ta ci gaba, kuma wannan karon ba lulluɓi. Ta ce Illo bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa kiran ta juya ba, ko danginsa suka zage ta shi ke tare mata. Ta ce ko uban ƴaƴa goma aka ba ta ba ta musanya shi, a ɗakinsa za ta mutu. Delu ta sa mata albarka. Na dawo gida ina jin daɗi, na miƙa wa ƙanenka na'urarsa.

To ka ji abin da ya yi da ita. Wai ƙa'idar aikinsu ita ce, kowace magana mai lulluɓi sai an kunna wa waɗansu mutane da ba su wurin, a ji ko za su fahimce ta yadda aka nufa. Shekaranjiya da rana ya rataya na'urar ya tafi gindin tsamiya, masunta cike, Illo a tsakiyarsu da koma a cinya. Ya kunna musu muryoyin matansu ɗaya bayan ɗaya. Da na tsare shi daga baya, ya ce ai bai karya alkawari ba, tunda bai faɗi sunan kowa ba, lamba ya sa wa kowace mace. A garin da ko tari ka yi a bayan danga an san kai ne!

Sule ne ya ba matarsa labari, ita ta ba ni. Da muryar Balaraba ta fito, kowa ya sunkuyar da kai a kan komarsa. Wani ya kama tarin ƙarya, wani ya ce a tashi la'asar ta yi, alhali rana na tsaka. Haka maza ke yi in maganar ɗaki ta tsallako danga, kowa ya kurmance, a rufa wa juna asiri, gobe a gaisa kamar ba a yi ba. Da ƙanenka ya yi shiru da ta wuce a haka. Sai ya ɗauka ba su gane ba ne. Ya mayar da zaren baya ya sake kunnawa da ƙarfi, sannan ya kai bakin na'urar gaban Illo, gwaninsa na bayani, ya ce ya fassara masa.

Sule ya ce Illo bai yi rawar murya ba. Ya ce: "Mushe, macen ga tana nuhin ita lahiyarta lau. Mijin ne ba ya haihuwa. Ka rubuta." Ƙanenka ya rubuta. Ya kuma ƙara da tambayar ko mace za ta iya faɗin haka a gaban mijinta. Illo ya ce: "Ga shi ta hwaɗa." Ya naɗe komarsa ya tashi, ba wanda ya iya ɗaga kai ya dube shi.

Simon ya dawo gida yana fito, ya ce yau aiki ya yi kyau, ya tambayi abinci. Na zuba masa.

Ka yi mana addu'a, ni dai na kasa haɗa tawa.

Matarka,
Keziya


Madarumfa, 13 ga Agusta, 1972

Zuwa ga maigidana,

Ina gaishe ka da kyau, ya jiki, ya ƙoƙari? Takardarka ta iso ta hannun direban kamiyon gyaɗa, na gode da sabulun. Ka ce in yi haƙuri da Simon, yaro ne, bai yi da gangan ba. Na sani bai yi da gangan ba. Da da gangan ya yi da na san sunan abin da zan kira shi.

Washegarin da na rubuto maka, tunani ɗaya ya zo mini. Illo rabin magana ya ji. In an koma gindin tsamiyar nan aka kunna sauran, inda ta ce ba ta musanya shi da kowa, a gaban mutanen da suka ji na farkon, wataƙila ya iya ɗaga kai. Na je na ce wa Simon ya fito da zaren. Sai ya ce babu. Ashe in ya ɗauko magana, reza yake sawa ya yanke guntayen da ke da habaici ya liƙa su wuri guda, sauran ya zubar. Ya ce abin da ta faɗa daga baya magana ce tsirara, ba ado, ba ta cikin abin da yake bincike. Tarkacen zaren nan mai ruwan ƙasa da nake sharewa a ɗakinsa, ni da hannuna na haɗa shi da shara na ƙone.

Ya ce abin bai yi masa daɗi ba, kuma na ga ya ɗan rame. Amma a numfashi guda ya ce amsar da Illo ya bayar babu irinta a duk abin da ya tara, malaminsa zai yi mamaki. Ka ji fa. Mutum ya tuɓe a gaban abokan sana'arsa, shi kuwa yana yaba kyan tuɓewar. Na ce ya je ya ba Illo haƙuri. Ya je, da na'urar a kafaɗa, wai ya saba ne. Illo ya hango shi ya tura jirgi cikin ruwa.

Na daina wasa da shi. In na kai masa abinci sai in durƙusa in ce Mushe ga abinci, in ya tsokane ni in ce to. Ya fi jin zafin wannan fiye da zagi, kuma haka nake so. Jibi zai tafi Maraɗi wajen Inna, daga can ya wuce Faransa. Ban yi masa guzuri ba, in Inna ta kawo maka ƙarata ka san dalili.

Illo bai sake kwana a gida ba. Yana wata bukka a gefen tabki, ya daina zama gindin tsamiya, kifinsa ma sai ya ba wani ya kai masa kasuwa. Dattawa ba su ce komai ba, amma samari ba su da linzami. An ce ranar kasuwar Ɗan Issa har wani dillali ya ɗaga ƙwarya ya kifar yana tambayar ina mai ita. Danginsa sun taso, suna cewa matar da ta tona wa mijinta asiri a duniya ba mata ba ce. Su da suka shekara suna zagin ta juya, yau sun sami sabon abin zagi.

Mata sun janye mini. An yi suna a gidan Yahaya mahauci ba a aiko mini ba, a rijiya in na iso hira ta mutu. Ban ga laifinsu ba, ni na shiga da abar. Delu ta gamu da ni a hanya ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta ce ta ɗauka alkawarin masu zuwa majami'a ya fi haka nauyi. Wannan ta shige ni ƙwarai.

Balaraba kuwa ba ta zage ni ba, na so ma ta zaga. Na shiga wurinta na same ta ta dafa tuwo ta rufe, ta aje ruwan wanka, kamar mai jiran wanda zai shigo yanzu. Kullum haka take yi, da safe ta ba kaji. Ta ce ita ba garin ya dame ta ba, abin da ke cin ta shi ne Illo yana can yana zaton dariya take yi masa duk shekarun nan.

Don Allah ka rubuta wa Illo. Yana ganin girmanka tun da ka yi jinyar ƙafarsa. Ka gaya masa abin da ta faɗa a ƙarshe, ka ce ni na ji da kunnena. Auren nan bai mutu ba tukuna, amma yana kwance.

Yara suna tambayar yaushe za ka dawo. Ubangiji ya kiyaye.

Matarka,
Keziya


Madarumfa, 22 ga Oktoba, 1972

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya jarrabawa, ya hidima? Mun yanke gero, an gode Allah, ko da yake bai kai na bara ba. Yara lafiya, ƙaramar ta yi zazzaɓi ta warke. Ka yi haƙuri da na daɗe ban rubuto ba, ba ni da labarin da nake son bayarwa ne.

An kai wa Illo takardarka, mushen lakwal, malamin makaranta, ya karanta masa. Delu ma, da tsufanta, ta dogara sanda har bukkarsa, ta rantse masa cewa a gabanta Balaraba ta faɗi abin da ta faɗa. Ya saurare su duka. Ya ce ya yarda, bai taɓa zaton Delu za ta yi masa ƙarya ba, kuma ya san matarsa. Amma ya ce mutanen gindin tsamiya ba su ji wannan ba, kuma ba za su taɓa ji ba, don mace ba ta zuwa bakin tabki ta tsaya cikin maza ta ce tana son mijinta. Abin da aka ji a fili, a fili yake zaune. Ya ce muddin tana ɗakinsa, duk wanda ya dube ta zai ce ga wadda ake zalunta, duk wanda ya dube shi zai tuna. Gara ya sake ta ta je ta sami ƴaƴan da ya tare mata.

Ya sake ta. Ta fara iddarta a nan cikin kuka, bai yarda ya janye ba, sai ƴan'uwanta suka ce ta ƙarasa a gida. Ranar Talata suka zo daga garinsu Sarkin Yamma da amalanke. Illo ya zo da kansa ya ɗaura kayan. Na leƙa ta danga ina kallo, yana sa tsumma tsakanin tukwanenta don kada su fashe, yana jan igiya yana sake dubawa. Ya kawo bandar kifi cike da kwando ya ɗora a sama. Da amalanken ya tashi Illo ya bi bayansa da ƙafa har ƙarshen lambuna, sannan ya juya ya nufi ruwa. An ce in kaka ta wuce zai tsallaka iyaka ya koma su a wani wuri.

Kafin su tashi ta shigo mini sallama. Na kasa dubanta. Ta ce ba ta riƙe ni ba, bakinta ne ya ja mata. Ta tambaye ni ko da gaske muryarta tana can ƙasar Turawa ana kunnawa. Na ce haka nake zato. Ta ce alfarma ɗaya take nema, a kashe ta, don ba ta son a riƙa jin ta har abada tana faɗin wannan a kan Illo ba tare da sauran ba. Na ce zan gaya maka. Ga shi na gaya maka, kai ne wan Simon.

Sai ga takardar Simon da ka haɗo mini da taka. Na karanta ta a tsaye, na wanke hannu bayan na gama. Malaminsa ya yaba, ya ce misali na goma sha bakwai, wato Balaraba, shi ne gwarzon littafin, za a buga shi a kuma kunna shi a taron masana. Saura bayani kaɗan, wai don a cika yanayin maganar. Yana so in aika masa da shekarun mai maganar, da sana'ar mijinta, da kuma yadda zamansu yake, ko suna jituwa. Har ya ƙara da tsokana a ƙasa, yana tambayar ko tuwona ya gyaru.

Ba zan rubuta masa ba, kuma in ya sake zuwa hutu ka nema masa masauki, ba dai ɗakin da nake sharewa ba. Amma tunda ilminsu ya ce sai an san komai kafin magana ta yi ma'ana, kai ka ba shi amsa, kada littafin ya fita da giɓi. Shekarunta ban sani ba. Mijinta masunci ne. Sun zauna lafiya har ranar da ɗan'uwanka ya kunna na'urarsa. Ka ce ya rubuta cewa yanzu ba ta da miji, ya kuma sa sunansa a gefe, don masana su san wa ya raba su.

Ubangiji ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Keziya